Wasiƙa daga Montana: In madubin hange ɗaya za ka goya, wanne ne?

Wasiƙar wannan karon a kan wani kayan aiki ce da ake ta musu a kansa a nan jihar Montana ta Amurka duk lokacin da kaka ta ƙarato, wato madubin hangen nesa mai ido ɗaya da mafarauta ke goyawa su shiga da shi cikin tsaunuka. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibi da farauta. Karatun da nake yi a kan namun daji ne, kuma rabin aikinmu na fili zama ne a kan dutse ana ƙirga dabbobi ta cikin irin wannan madubi, sannan da yawa daga cikin abokan karatuna mafarauta ne tun suna yara. Na ji musun nan har ya ishe ni, kuma ni ma ina da ra'ayi.

Ra'ayin nawa shi ne, in mutum madubi ɗaya tak zai iya saya, to ya ɗauki mai bakin milimita 65, wanda wurin sa idonsa ya karkato sama, mai gilashi mafi kyau da aljihunsa zai iya ɗauka, kuma ya ware kuɗin madogara mai ƙafa uku tun kafin ya shiga kanti. Akwai masu ganin ba haka ba, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne, za mu zo kansu.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin farautar da ake magana, domin ta sha bamban da ta gida wadda ake fita runduna guda da karnuka da gora ana kewaye daji. Nan mutum ɗaya ne ko biyu, su ajiye mota inda hanya ta ƙare, su goyi tanti da abincin kwana biyar ko bakwai, su shiga. A dazuzzukan da aka keɓe a ƙarƙashin wata doka ta 1964, irin su Bob Marshall mai faɗin fiye da eka miliyan ɗaya, da Absaroka-Beartooth da ke arewa da gandun Yellowstone, an hana mota, an hana babur, har keke ma an hana. Ƙafa ce ko doki. In kuma ka yi sa'a ka harbi namijin babbar barewar nan da suke kira elk, namansa kaɗai zai iya kai kilo 100, kuma doka ta hana ka bar shi ya lalace a daji, sai ka yi sawu-sawu ka fito da shi a bayanka. Don haka duk abin da zai shiga jakar goyo sai an auna shi, har akwai masu yanke mariƙin buroshin goge baki don rage nauyi. A cikin irin wannan lissafi ne za ka ce za ka ƙara madubi da madogararsa, kusan kilo uku gaba ɗaya.

To me ya sa ake goyonsa? Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, da tabaron hange mai ido biyu ake neman dabba, wanda ke rataye a ƙirji, mai kusanto da abu sau 8 ko sau 10. Shi ne ake yini ana duba kwari da shi ba tare da ido ya gaji ba. Madubi mai ido ɗaya sai an ga wani abu ake zaro shi, ya amsa tambaya guda: wancan abin da na hango a ƙetaren kwari, kilomita biyu daga nan, ya cancanci in sauka in sake hawa dominsa, kuma doka ta yarda a harbe shi? Sauka da hawan nan kan cinye awa uku ko huɗu, wani lokaci yinin gaba ɗaya, a farautar da ba ta wuce kwana biyar ba.

Maganar doka kuwa ba wasa ba ce. A yankuna da dama na Montana ba kowane namijin elk ake harbi ba, sai wanda ke da reshe mai tsawon aƙalla inci 4 a rabin ƙasa na ƙahonsa. A yankunan farautar ragon dutse da ke tsaunukan Beartooth, inda kowa zai iya sayen lasisi ba tare da ƙuri'a ba, sai ragon da ƙahonsa ya nannaɗe kashi uku cikin huɗu na da'ira. A Alaska abin ya fi tsanani ga farin ragon dutsensu: ko dai ƙahon ya kammala da'ira cif, ko duka ƙahonnin biyu sun karye a tsini, ko kuma ragon ya kai shekara 8, kuma shekarun nan ta zobban da ke jikin ƙaho ake ƙirga su. Bayan an harba, sai an kai ƙahon jami'an gandun daji sun duba. In ya gaza, an ƙwace ragon, ga tara, ga kunya. Haka nan mai farautar baƙin beyar a Montana sai ya ci jarrabawar bambance shi da babban beyar girizili, wanda aka sa a jerin dabbobin da doka ke karewa a 1975, kuma kalar gashi ba ta raba su, sai ka duba tozon kafaɗa da siffar fuska da kunne. Duk waɗannan hukunci ne da ake yankewa daga nesa, da ido. Kada kuma wani ya ce ai akwai madubi a kan bindiga. Wanda ya duba abin da bai tantance ba ta madubin bindiga, ya auna bindiga ke nan a kan abin da zai iya zama mutum.

Yanzu mu zo kan lambobin da ake rubutawa a jikin madubin. In ka ga 20-60x85, ma'anarsa yana kusanto da abu daga sau 20 zuwa sau 60, kuma faɗin gilashin gaba milimita 85 ne. Lambar farko ita ce ke ruɗin sabon shiga. Ya ji sau 60, sai ya lissafa cewa dabbar da ke mita 1,800 za ta dawo kamar tana mita 30. A takarda haka ne. A kan dutse kuwa, tsakaninka da dabbar akwai iska, kuma da zarar rana ta ɗaga ta fara dafa ƙasa, iskar za ta fara rawa. Kawalwalniyar nan ce da muke gani a kan kwalta da tsakar rana, kuma madubi yana ninka ta kamar yadda yake ninka dabbar. A sau 60 da hantsi, rago kan zama kamar ana kallonsa ta cikin ruwan da ake motsawa. Ga kuma hayaƙin gobarar daji na watan Agusta da Satumba, wanda in ya sauka sai ka rantse hazon hunturu ne. A aikinmu na ƙirga, mafi yawan lokaci tsakanin sau 25 da sau 40 muke tsayawa, saman haka sai da sanyin safiya ko ranar da gajimare ya rufe rana.

Lamba ta biyu ita ce mai muhimmanci, domin gilashin gaba shi ne ƙofar haske. Hasken da yake tarawa yana tafiya ne da faɗin filinsa: mai 65 ya fi mai 50 tara haske da kusan kashi 70 cikin ɗari, mai 85 kuma ya fi mai 65 da kusan haka. Akwai wani ɗan lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi a kanti. Raba faɗin gilashin da yawan kusantowar, abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da zai shiga idonka. A sau 30, mai 50 zai ba ka milimita 1.7, mai 65 ya ba ka 2.2, mai 85 ya ba ka 2.8. Da rana tsaka bambancin bai cika damun kowa ba, saboda ƙwayar ido ita ma ta tsuke. Da asuba da almuru ne, lokacin da ƙwayar ido ta buɗe tana neman haske, kuma daidai lokacin da dabbobin ke fitowa kiwo, ƙaramin madubi zai yi maka duhu ya bar ka da inuwa.

Akwai kuma iyakar da faɗin gilashi ke sa wa ƙanƙantar abin da za a iya rarrabewa. Wani masanin taurari ɗan Ingila na ƙarni na 19, William Dawes, ya bar lissafi a kan haka, kuma in aka juya shi zuwa nisan kilomita ɗaya, mai 50 zai raba abubuwa biyu da ke da tazarar kusan milimita 11, mai 65 kusan 9, mai 85 kusan 7. Wannan in gilashin ba shi da aibi kuma iska ta kwanta ɗif ke nan. Ka ga tazarar da ke tsakanin 65 da 85 milimita biyu ce a kilomita guda, kuma rawar iska ta yau da kullum ta isa ta shafe ta.

Masu goyon bayan babban madubi suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma gara in faɗe ta da kaina. Bambancin nauyi bai kai yadda ake zuzutawa ba. A jerin ATX na kamfanin Swarovski, mai 65 yana kusan kilo 1.6, mai 85 kusan kilo 1.9. Giram ɗari uku da 'yan kai ke nan, bai kai rabin litar ruwa ba. Sai su ce, saboda wannan ɗan abu za ka yar da kashi 70 na haske? Amsata ita ce nauyin ba a jikin madubin yake tsayawa ba. Babban madubi ya fi tsawo, ya fi kama iska, yana rinjayar ƙaramar madogara ta gaba, don haka sai an nemo masa madogara mai kauri da kai mai ƙarfi. Yana kuma cin wurin da abincin kwana ɗaya zai zauna a jaka. Sannan 'yan mintunan hasken da yake ƙara maka da yamma suna zuwa ne dab da lokacin da doka ke rufe harbi, domin a Montana rabin awa bayan faɗuwar rana an gama. Na yarda cewa ko a lokacin yana da amfani, tunda za ka ga inda dabba ta nufa ka san inda za ka kwana da shirin gobe. Amma abin da na lura da shi a tsakanin abokaina shi ne, masu manyan madubai sukan goya su a fitar farko da ta biyu, daga nan sai a fara barinsu a mota. A ranar da ake tafiyar kilomita goma sha biyar, wanda aka bari a mota ko milimita nawa ne bai ga komai ba.

Wani zai ce ai Swarovski ta warware wannan tun 2012, da ta fito da tsarin da ake cire gilashin gaba a sa wani, 65 ko 85 ko 95, daga baya ma aka ƙara 115. Gaskiya ne, dabara ce mai kyau. Sai dai wannan madubai uku ne da wurin sa ido guda, kuma mai kuɗin hakan ba ya bukatar wasiƙata.

Abokin hamayyar da ya fi ba ni tsoro ta ƙasa yake. A da, ƙananan madubai masu 50 ne kawai, irin Razor 11-33x50 na kamfanin Vortex mai nauyin kusan giram 700, waɗanda suke da daɗin goyo amma in an kai su ƙarshen ƙarfinsu sai hoto ya dushe. Sai Kowa ta Japan ta yi TSN-553 mai bakin 55 da nauyin kusan giram 800, Swarovski kuma ta fito da ATC mai 56 a 2022, bai kai kilo ɗaya ba. Waɗannan sun rage tazarar sosai. In mutum ya ce min elk kawai yake farauta, abin da yake son gani shi ne ko akwai reshen nan na inci 4 ko babu, ba zan yi masa musu ba in ya ɗauki ɗaya daga cikinsu. Amma tambayarmu madubi ɗaya ce don komai. Mutumin da ke tsauni a Satumba shi ne zai sauka filayen gabashin Montana a Oktoba yana duba gadar nan mai gudu daga nisan kilomita uku, shi ne zai zauna a Nuwamba yana ƙirga rassan ƙahon barewa mai kunnen alfadari a cikin duhun itatuwa, wataƙila wata shekarar ya je neman rago. A wajen ƙirga zobban ƙaho da sanyin safiya, inda ake bukatar sau 45 ko 50 da hoto mai tsabta, mai 65 yana da sauran ƙarfi a daidai inda mai 55 ya ƙure. Shi ya sa na tsaya a kansa: ya ishi aikin da ya fi wuya, kuma bai kai nauyin da za a fara neman dalilin barinsa ba.

Duk wannan lissafin girma yana rushewa in gilashin ba shi da kyau. Farashin waɗannan madubai ya fara daga ƙasa da dala 200 har ya wuce dala 4,000, kuma a ƙasan kasuwar akwai masu bakin 80 da alkawarin sau 60 a farashin takalmi. Matsalarsu ita ce gilashi na gama-gari ba ya tara launukan haske wuri guda, sai ka ga wani kewaye shuɗi ko shunayya a gefen duk abin da ke da duhu a gaban haske. Ƙahon rago a kan ƙanƙara, ko reshen ƙaho a gaban sararin sama, su ne daidai inda wannan kewayen ke cin bayanin da kake nema. Gilashin da ake rubuta wa ED, ko dutsen fulorait da Kowa ke sakawa a manyan samfuranta, an yi su ne don rage wannan. Mai 65 da irin wannan gilashi zai nuna maka abin da mai 80 na arha ba zai nuna ba. Kuma a tabbata an cika cikinsa da iskar nitirojin ko agon an rufe ruf, domin daga tanti mai ɗumi zuwa sanyin asuba, wanda ba a rufe ba zai yi raɓa ta ciki inda hannu ba ya kaiwa.

Batun miƙaƙƙe ko karkatacce shi ne inda musun ya fi zafi, alhali ya fi kowanne sauƙi a wurina. Miƙaƙƙe yana da daɗin nemo abu, inda ka nuna nan yake kallo, ya fi dacewa da duba ƙasa daga saman dutse ko duba ta tagar mota, kuma dusar ƙanƙara ba ta taruwa a wurin sa idonsa. Karkatacce, mai kusurwar digiri 45, sai an saba da shi, makon farko za ka sha neman dabbar da ka gani ƙarara da tabarau. Amma yana barin madogara ta zauna ƙasa-ƙasa, kuma gajeriyar madogara ta fi tsayuwa a iska, ta fi sauƙin goyo. In kana kallon sama da kai, wanda a tsauni shi ne rabin aikin, wuya ba ya ƙagewa. In ku biyu ne, dogo da gajere za su leƙa ba tare da an taɓa saitin ba. Mafi yawansu ma suna da zoben da ake sassautawa a juya wurin sa idon gefe, wanda ke rage wahalar duba ƙasa. Wanda zai zauna awa biyu ido a madubi zai gode wa wuyansa.

Madogara kuwa ita ce abin da ake mantawa sai kuɗi sun ƙare. A sau 40, duk girgizar da iska ko hannunka suka yi ita ma sau 40 take zama. Na sha ganin madubi mai tsada a kan madogarar da aka yi don ƙaramar kyamara, hoto yana ta karkarwa, mai shi yana zargin gilashi. A ganina kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin nan ya kamata ya tafi, a sami mai ƙafafun kabon da kan da ke juyawa a hankali ba ya fizga. A zauna a ƙasa a yi kallo, kada a zaro sandar tsakiya sai dole, in iska ta taso a rataya jaka ko dutse a ƙarƙashinta. Madogarar nan za ta yi aiki biyu, domin tabarau mai ido biyu ma in aka ɗora shi a kanta yana nuna dabbobin da hannu ba zai taɓa barin ka gani ba.

Akwai waɗanda zan ce kada ma su saya. Mai farautar elk da kwari da baka a Satumba, a cikin kurmin arewa maso yammacin Montana inda ba a ganin mita ɗari, da kunne yake farauta, madubi kaya ne kawai a bayansa. Mafarautan ƙaramar barewar Coues a Arizona da yawansu babban tabarau mai sau 15 suke ɗorawa a madogara su yini da shi. Wanda kuma bai mallaki tabarau mai kyau ba tukuna, ya fara da shi, domin sai an gano dabba kafin a yi maganar tantance ta.

Ga ɗalibi irina da ke rayuwa a kan ɗan alawus, kasuwar na hannu ita ce mafita. Gilashi ba ya tsufa kamar waya, wanda aka yi shekara goma da suka wuce in an kula da shi yana nan yadda yake, kuma Vortex ta yi suna da garantin da ke bin kayan ko a hannun wa suke. Gara a jira shekara a sayi na tsakiyar kasuwa da a sayi na ƙasa sau biyu. Ɗan tsokaci ga 'yan'uwa ɗalibai da abin ya ba sha'awa: dokar tarayya ta hana mai bizar karatu riƙe bindiga, ɗaya daga cikin 'yan togaciyar da aka yi shi ne wanda ke da lasisin farauta mai aiki, don haka a bincika da kyau kafin a taɓa ta. Madubi dai ba ya bukatar takarda, kuma a kwarin Lamar na Yellowstone za ka ga jama'a jere a bakin hanya da nasu suna kallon kyarkeci ba tare da niyyar harbin komai ba.

In za a gwada, kada a yarda da hasken kanti. A fito da shi waje da la'asar sakaliya, a ɗora a madogara, a nemi baƙin reshe ko wayar lantarki a gaban farin sama a duba ko launi yana fita a gefe. A nemi rubutu mai nisa a ga a wane ƙarfi ya daina ƙara bayani ya koma girma kawai. Mai sa tabaron likita ya kai shi ƙarshen ƙarfinsa da tabaron a fuska, domin a madubai da yawa sai ido ya ƙara matsowa in an ƙara ƙarfi, kuma in tazarar ta gaza milimita 15 ko kusa da haka, da'irar za ta tsuke ya koma kamar mai leƙe ta kafar makulli. A sa safar hannu a juya abin saitin, tunda a Nuwamba da ita za a yi aikin. A ƙarshe a tambaya ko akwai mariƙin waya da ya dace da wurin sa idon. Ɗan abu ne mara nauyi, amma da shi za ka ɗauki bidiyon rago, ka tsayar da hoton a daidai lokacin da ya juyo da kai, ku ƙirga zobban kai da abokin tafiyarka sau uku kafin wani ya taɓa bindiga.

Sai mun haɗu a wasiƙa ta gaba.